Yadda Ake Koyon Baƙon Harshe da Kanka Ba Tare da Ka Yar da Shi a Hanya Ba

Yawancin waɗanda suka fara koyon wani harshe suka bari, kwanyarsu ƙalau take. Sukan fara da zafi, a sauke manhaja biyu ko uku a waya, a nemo littafin nahawu, a yi wata guda ana haddar kalmomi. Sai wata rana mutum ya ji mai harshen yana magana a rediyo ko a bidiyo, ya kasa kama ko jimla ɗaya. Nan take gwiwa ta yi sanyi, sai ka ji ana cewa ai girma ya zo, ko kuma ai wane ne ke da baiwar harshe. Abin da na lura da shi shi ne lokacin yana tafiya ne wajen karanta bayanai a kan harshen, alhali abin da ke zaunar da harshe a kai shi ne yawan jin sa da karanta shi daidai ƙarfinka, da kuma tilasta wa kanka tuno abin da ka koya. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema da tsawon tafiyar

Kafin ka buɗe littafi, zauna ka rubuta jimla ɗaya a kan abin da kake so ka iya yi da harshen nan da wata shida. Kada ka rubuta "ina so in iya Faransanci", domin wannan ba ya da iyaka, ba kuma ranar da za ka san ka iso. Rubuta abu kamar "ina so in yi hirar minti goma a kan aikina" ko "ina so in karanta labaran jarida ba tare da ƙamus ba". Wannan jimla ce za ta zaɓa maka abin da za ka koya. Mai son Larabci, alal misali, dole ya yanke shawara tun farko: Fus'ha ta littattafai da labarai yake so, ko karin harshen da ake yi a titi? Larabcin Masar daban, na Maroko daban, kuma wanda ya ƙware a Fus'ha kaɗai zai iya tsayawa cikin masu hira ya rasa inda aka dosa. Haka Fotugis na Brazil da na Fotugal, furucinsu ya sha bamban ƙwarai.

Sai lissafin lokaci, wanda mutane ba sa son ji. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta daɗe tana ƙiyasta tsawon lokacin da ɗalibanta masu jin Ingilishi ke ɗauka kafin su iya aiki da wani harshe. Ga harsuna makusanta da Ingilishi irin Faransanci da Sifaniyanci, makonni 24 zuwa 30 ne, wajen awa 600 zuwa 700 a aji. Ga Larabci da Sinanci da Japananci da harshen Koriya kuwa makonni 88 ne, kimanin awa 2,200. Waɗannan mutane ne da karatun shi ne aikinsu na yini, ga ƙwararrun malamai. To idan kai rabin awa kake samu a rana, a shekara ka tara awa 180 da ɗoriya. Wanda ya san wannan ba zai zargi kansa ba don bai iya hira ba bayan wata biyu, ba kuma zai saurari mai tallar "iya harshe cikin kwana 30" ba.

Batun shekaru kuma, kada ya hana ka farawa. Wani bincike da aka wallafa a 1978 a kan masu jin Ingilishi da ke koyon harshen Holan a ƙasar Holan ya nuna matasa da manya sun fi ƙananan yara saurin kamawa a watannin farko. Inda yara suka fi mu shi ne lafazi, wanda sukan samu tamkar na 'yan gida idan tafiya ta yi nisa. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya iya karatu, ya iya tsara lokacinsa, yana gane ƙa'ida idan an bayyana masa.

Zai taimaka ka san wani ma'aunin iya harshe mai hawa shida da aka fitar a Turai a 2001, daga A1 zuwa C2, domin littattafai da jarrabawa da yawa da shi suke nuna matakinsu. A1 da A2 na masu farawa ne, B1 da B2 na tsakiya, C1 da C2 na ƙwararru. Idan ka san hawanka, ba za ka ɗauko kayan da suka fi ƙarfinka ba.

Mataki na biyu: ka fara da kunne

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo baƙin ciki daga baya. Kunnen babba ya riga ya saba da sautukan harshensa. Binciken Janet Werker da abokin aikinta a Kanada, wanda ya fito a 1984, ya nuna jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, amma kafin su cika shekara wannan iyawa ta ragu sosai, kunne ya karkata ga harshen gida. Shi ya sa Bajapane ke shan wahalar raba "r" da "l" a Ingilishi, Balarabe kuma ke haɗa "p" da "b". Sautin da kunnenka bai raba shi da wani ba, bakinka ma ba zai raba su ba.

Don haka a makonni biyu ko uku na farko, nemi jerin sautukan harshen, ka ware waɗanda babu su a naka. Nemi kalmomi biyu-biyu da sauti ɗaya tak ya bambanta su, kamar "ship" da "sheep" a Ingilishi, ko "dessus" da "dessous" a Faransanci. Saurara ba tare da kallon rubutu ba, ka yi hasashen wacce aka faɗa, sannan ka duba. Minti biyar a rana ya isa. Idan harshen mai karin sauti ne kamar Sinancin Mandarin, mai karin sauti huɗu, to kowace kalma ka koye ta tare da karinta tun ranar farko, domin gyara daga baya aiki ne ja.

Akwai matsala ta biyu, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa ka san kalmomi a takarda amma ba ka jin su a baki. Masu harshe ba sa furta kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sukan haɗiye wasu, su manne wasu. Bafaranshe a hira ba kasafai yake cewa "je ne sais pas" dalla-dalla ba, abin da za ka ji ya fi kama da "she pa". Idan kunnenka kalmomi huɗu yake jira, ya ji gaɓa biyu, sai ya ɗauka sabon abu ne. Ga yadda ake maganin wannan. Nemi sauti gajere, minti ɗaya zuwa biyu, wanda ke da rubutunsa. Saurara sau biyu ko uku ba ka duba rubutun ba, ka kama abin da ka kama. Sannan karanta rubutun, ka nemo ma'anar abin da ba ka sani ba. Sake saurara idonka a kan rubutun, da fensir a hannu, kana ja layi duk inda abin da ka ji ya saɓa da abin da aka rubuta. Waɗannan wuraren su ne darasinka na ranar. Rufe rubutun ka sake saurara. Daga ƙarshe ka riƙa bin mai maganar da bakinka, yana faɗa kana faɗa, kana kwaikwayon hawa da saukar muryarsa da inda yake tsayawa. Gobe ka sake jin sautin nan sau ɗaya kafin ka ɗauki sabo. Sauti ɗaya da aka tatse haka ya fi awa biyu na rediyon da ke tashi a gefe ba ka gane komai.

Mataki na uku: kalmomi, da yaƙi da mantuwa

"Na haddace jiya, yau babu ko ɗaya." Kowa ya san wannan kuka. Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya gwada abin a kansa da gaɓoɓi marasa ma'ana, ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta rage sauri. Maganinta bita ce mai tazara: ka waiwayi kalma kafin ta ɓace, kowane karo kana ƙara nisan kwanakin.

A 1972 Sebastian Leitner, shi ma Bajamushe, ya yaɗa wata dabara da kowa zai iya yi da takarda. Ka yanka ƙananan katuna, gaba tambaya, baya amsa, ka tanadi akwatuna kamar biyar. Sabon kati yana shiga akwati na farko, wanda ake dubawa kullum. Idan ka tuna amsar, katin ya haye akwati na biyu, wanda ake dubawa bayan 'yan kwanaki, haka har na biyar da sai an daɗe ake taɓawa. Duk katin da ka manta, ko ina ya kai, ya dawo akwati na farko. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, wannan aikin take yi, ita ke lissafa ranar da kowane kati zai dawo.

Sirrin yana wajen tunowa. Ka dubi gaban katin, ka matsa wa kanka har amsar ta fito ko ka tabbata ba za ta fito ba, sannan ka juya. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun kawai, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Wannan jin "na iya" da ke zuwa idan kana kallon jerin kalmomi da fassararsu gefe da gefe, yaudara ce. Gane kalma idan ka gan ta daban, fito da ita lokacin da kake bukata daban.

Wajen yin katin, kada ka ajiye kalma ita kaɗai. Ka saka ta cikin gajeriyar jimla da ka tsinta a abin da ka karanta ko ka ji, ka bar gurbinta a gaban katin. Idan harshen yana raba sunaye jinsi-jinsi, ka haɗa sunan da abin da ke nuna jinsinsa: a Jamusanci ka rubuta "der Tisch", a Faransanci "la table", ka haddace su a matsayin abu ɗaya. Ka fara da kalmomin da aka fi yawan amfani da su, domin a Ingilishi misali, kalmomi 2,000 na farko sukan ɗauki wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, a hira ma fiye da haka. Sunayen tsuntsaye da na kayan injin jirgi za su iya jira.

Gargaɗi ɗaya da nake so a ɗauka da gaske: kada sabbin katuna su wuce 10 zuwa 15 a rana. Kowane sabon kati bashi ne da za ka riƙa biya a makonni masu zuwa. Wanda ya zuba 50 a rana saboda ɗoki, kafin wata ya ƙare zai tarar da ɗaruruwan katuna suna jiransa kowace safiya, daga nan ne yawanci ake rufe manhajar ba a sake buɗewa ba.

Mataki na huɗu: karanta abu mai sauƙi, da yawa

Katuna suna riƙe kalma, amma ba su ne ke koya maka yadda take zama cikin magana ba. Wannan sai yawan karatu da saurare. Masanin harshe Stephen Krashen ya yi suna a shekarun 1980 da ra'ayin cewa harshe yana shiga ne ta hanyar saƙon da ka fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakinka kaɗan. An yi masa gardama a kan wasu ɓangarori na ra'ayin, amma batun bukatar yawan ji da karanta abin da ake ganewa, kusan kowa ya yarda da shi.

Tambayar ita ce, yaya sauƙin ya kamata ya kasance? Paul Nation na ƙasar New Zealand, wanda ya shafe shekaru yana nazarin koyon kalmomi, ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi cikin jin daɗi ba da taimako ba. Wato kalma ɗaya baƙuwa cikin 50. Ya kuma ƙiyasta cewa kaiwa wannan matsayi a littattafan labari da jaridun Ingilishi yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ka ga ke nan dalilin da ya sa mai kalmomi 1,500 ke ɗaukar babban littafi ya ajiye a shafi na uku. Littafin ne bai yi daidai da shi ba tukuna.

Nemi littattafan da aka rubuta musamman don masu koyo, masu hawa-hawa, waɗanda aka taƙaita kalmominsu. Manyan harsuna duk suna da su. Don gwaji, buɗe shafi ɗaya a tsakiya, ka ƙirga baƙin kalmomi cikin layuka goma. Idan sun wuce uku ko huɗu, sauko hawa ɗaya. Kada ka ji kunyar karanta abin da kake gani kamar na yara. Karanta da sauri, kada ka tsaya duba ƙamus sai kalma ta maimaitu har ta hana ka gane labarin. Zaɓi abin da ka riga ka san kansa: mai bin ƙwallo ya karanta labaran ƙwallo, ma'aikacin lafiya ya nemi na lafiya, domin sanin batun yana cike gurbin kalmomin da ba ka sani ba.

Idan bidiyo kake kallo, rubutun da ke ƙasan allo ya kasance cikin harshen da kake koyo. Idan da harshenka ne, ido zai yi aikin, kunne ya huta.

Mataki na biyar: nahawu, kaɗan-kaɗan

Nahawu yana da amfani, amma a bayan misali yake zuwa. Idan ka ga wani ginin jimla yana ta maimaituwa a karatunka, buɗe littafin nahawu ka karanta wannan babin kaɗai, ka rubuta jimloli biyar a kan rayuwarka da shi, ka koma karatu. Minti goma zuwa goma sha biyar, sau biyu ko uku a mako. Littafi ɗaya ya wadatar, kuma ba a karanta shi daga bango zuwa bango.

Mataki na shida: buɗe baki

Akwai masu cewa sai sun shirya za su fara magana, ranar shirin kuma ba ta zuwa. Masaniyar harshe Merrill Swain ta lura da yaran Kanada masu jin Ingilishi da aka yi shekaru ana koyar da su darussa cikin Faransanci: fahimtarsu ta yi ƙarfi ƙwarai, amma maganarsu da rubutunsu na nan da kurakuran nahawu. A 1985 ta kawo hujjar cewa sai mutum ya yi ƙoƙarin faɗin abu sannan yake gano gibin da ke tsakanin abin da yake nufi da abin da ya iya.

Tsoron yin kuskure a gaban mutane abu ne sananne, har masana sun yi masa ma'auni na musamman a 1986. Zuciya ta buga, kalmar da ka sani sarai ta gudu. Saboda haka ka fara inda babu mai jinka. Kana tafiya ko kana wani aiki, ka riƙa faɗin abin da kake yi da harshen. Inda ka maƙale, rubuta, ka nemo daga baya. Sau ɗaya a mako ka naɗi muryarka na minti biyu a waya, ka adana. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, saurari na wata uku da suka wuce.

Daga nan sai mutum. Malami ta intanet, ko abokin musaya wanda ke koyon harshen da ka iya, ku raba lokacin biyu daidai, rabi nasa rabi naka. Kafin haɗuwar farko ka haddace jimlolin ceto: "sake faɗa a hankali", "ban gane ba", "yaya ake cewa kaza?", "kana nufin kaza?". Da su za ka ci gaba da hira cikin harshen ba ka gudu zuwa wani ba. Idan kalma ta ɓace, zagaya ta: ka manta sunan makulli, ka ce abin da ake buɗe ƙofa da shi. Wannan zagaye fasaha ce da ake koya, masu harshen ma suna yin ta.

Don saurin baki akwai atisayen da ake kira 4/3/2. Zaɓi labari ɗaya da ka sani, ka ba da shi cikin minti huɗu, ka sake ba da shi cikin minti uku, sannan cikin biyu. An fi so kowane karo ga sabon mai sauraro, amma ko kai kaɗai da agogo yana aiki. A karo na uku za ka ji in-ina ta ragu, jimlolin suna fitowa a haɗe.

Gyara kuma yana son dabara. Masanin harshe Larry Selinker ya yi bayani a 1972 a kan yadda wasu kurakurai ke daskarewa a bakin mai koyo har su ƙi fita. Amma idan abokin hira yana katse ka a kowace jimla, bakinka zai mutu. Roƙe shi ya bar ka ka gama, ya rubuta kurakurai uku da suka fi maimaituwa, ya ba ka a ƙarshe. Ka tanadi littafin kurakurai, gefe ɗaya abin da ka faɗa, ɗaya gefen yadda ya kamata, ka mayar da daidaitacciyar jimlar kati. Kuskure ɗaya ko biyu za ka sa wa ido a mako.

Mataki na bakwai: tsarin rana, da lokacin da tafiya ta tsaya cik

Paul Nation ya ba da shawarar a raba lokacin koyo kashi huɗu kusan daidai: ji da karanta abin da ake ganewa, magana da rubutu, nazarin kalmomi da nahawu da furuci, sai atisayen sauri da abin da aka riga aka sani. Yawancin masu koyo da kansu kashi na uku ne ke cinye musu komai. Idan minti 45 gare ka, gwada haka: 10 na katuna da safe, 15 na sauti mai rubutu, 15 na karatu mai sauƙi, 5 na magana kai kaɗai ko rubuta jimloli a kan yininka. Hira da mutum sau ɗaya ko biyu a mako. Ka liƙa kowane aiki da wani abin da ka saba yi kullum a lokaci sananne, don kada ya zama sai ka yanke shawara kowace rana. Ka kuma sa wa kanka mafi ƙarancin abin da ba ya faɗuwa ko a ranar da ta fi cunkoso, ko da bitar katuna ce ta minti biyar.

Wajen hawa na B1 kusan kowa yana jin kamar ya daina motsi. Dalilin a fili yake: kalmomin farko kullum kana cin karo da su, na gaba kuwa sai an jima suke bayyana, don haka ladan kowace sabuwar kalma ya ragu. A nan ne ake canza abinci ga kunne da ido. Bar kayan masu koyo sannu a hankali, ka kama fanni ɗaya ko mai magana ɗaya ka daɗe a kansa, domin kalmominsa za su riƙa dawowa. Fara rubuta sakin layi guda a kai a kai kana ba wani ya gyara. Ka riƙa ƙirga awoyi da shafuka a takarda, tunda ji a jiki ba ya nuna ci gaba a wannan hawa.

Idan kuma rashin lafiya ko aiki ya raba ka da karatun makonni, kada ka koma babi na ɗaya. Dakatar da sabbin katuna, ka rage tulin tsofaffin da 30 ko 40 a rana har su ƙare, ka sake jin sautuka biyu ko uku da ka riga ka tatse, ka karanta littafin da ke hawa ɗaya ƙasa da inda ka tsaya. Bayan mako guda sai ka buɗe sabbin katuna, biyar a rana da farko, ka kira abokin hirarka ku sa rana.